Rijiyar Gida Ko Ruwan Famfo? Amsar Wasiƙunku Kan Manhajojin Kwamfuta

A makon nan jakar tamu ta cika da tambayoyi a kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Huɗu daga cikin wasiƙun magana ɗaya suke yi, ko da yake kowa da inda ƙaya ta soke shi, saboda haka na haɗa su wuri guda. Akwai ta wata Malama shugabar makaranta daga Gusau, da ta wani mai shagon ɗab'i daga Funtuwa, da ta wani ɗalibin jami'a daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar, sai ta wani Alhaji ɗan kasuwa daga Zangon Kumasi a ƙasar Gana. Dukansu tambayarsu ita ce: wacce ta fi, manhajar da ake ɗorawa a cikin kwamfuta, ko wadda ake shiga ta intanet?

To, bari mu fara share fage. Manhaja dai ita ce jerin umarnin da ke sa kwamfuta ta yi wani aiki, ko rubutu, ko lissafi, ko zane. Akwai wadda ake ɗorawa a cikin kwamfutarka ita kanta, ta zauna a faifanta, ta yi aiki da ƙarfin injin da ke gabanka. Misalinta Microsoft Word da Excel da CorelDRAW, waɗanda muka saba gani a shagunan buga takardu. Akwai kuma wadda ke zaune a manyan kwamfutocin wani kamfani can wata ƙasa, waɗanda ake kira uwar garke. Kai naka sai ka buɗe burauza irin su Chrome ko Firefox, ka shiga ta intanet, ka yi aikinka, aikin kuma ya zauna a can wurinsu. Misalinta Gmail da Google Docs da Canva.

In kuna son ku gane bambancin da sauri, ku ɗauki rijiyar gida da ruwan famfo. Mai rijiya ya sha wahalar haƙa sau ɗaya, daga nan ko hukumar ruwa ta yi wata ba ta kawo ba, shi ba ruwansa. Amma fa yasar rijiyar da rufe bakinta a wuyansa suke, ranar da wani abu ya faɗa ciki ya ruɓe, ba wanda zai kai wa ƙara. Mai famfo kuwa ba guga ba igiya, an tace masa ruwan, murɗawa kawai zai yi. Sai dai kowane wata akwai takardar biya, kuma ranar da aka ɗauke, ko ɗigo ba zai gani ba.

Ta cikin kwamfuta ita ce yaya. Tun a 1979 aka fito da VisiCalc ta yin lissafi a kan kwamfutar Apple II, a 1983 kuma Lotus 1-2-3 da Microsoft Word suka fito. Ta intanet ƙanwa ce. Hotmail ta fara a 1996, ita ce ta nuna wa mutane da yawa cewa za ka iya buɗe akwatin wasiƙarka daga kowace kwamfuta a duniya. Gmail ta zo a 2004. A 2006 kamfanin Google ya sayi wata ƙaramar manhajar rubutu mai suna Writely, daga ita aka samu Google Docs.

Akwai wani wuri da mutane ke rikicewa, gara in warware shi tun yanzu. Tambayoyi uku ne daban-daban: a ina manhajar ke aiki, a ina takardunka ke kwana, kuma yaya ake biyan kuɗinta? Domin a yau akwai manhajar da ke cikin kwamfutarka amma ta haya ce. Kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya sanar a 2013 cewa ya daina fitar da sababbin manhajojinsa na saye-sau-ɗaya, sai dai biyan wata ko na shekara. Haka Microsoft 365: a kwamfutarka Word ɗin yake, amma yana son ya leƙa intanet kamar sau ɗaya a wata don ya tabbatar ka biya. In kuɗinka ya ƙare, za ka iya buɗe takarda ka karanta ka buga, amma ba za ka iya gyara ta ba. Kun ga wannan rijiya ce a tsakar gidanka, makullinta kuwa yana hannun wani.

To, Malama ta Gusau, ke kika ce a cikin kwamfuta guda ɗaya ta ofis kuke ajiye sakamakon jarrabawar yara da lissafin kuɗin makaranta, a kan Excel. Wani matashi ya ba ki shawarar ku kwashe komai ku mayar kan Google Sheets, kina tambaya ko ki yarda.

Malama, shawarar yaron nan tana da ƙafa. Kwamfuta ɗaya tak da ke ɗauke da sakamakon shekara da shekaru haɗari ce babba. Ɓarawo na iya ɗauke ta, wuta na iya zuwa da ƙarfi ta ƙone ta, faifan cikinta ma yana tsufa ya mutu ba sallama. In takardun suna intanet, ko an sace kwamfutar gobe, da wayarki za ki buɗe su. Bugu da ƙari, malamai goma na iya shigar da makin ajinsu a lokaci guda, kowa daga inda yake, ba sai an yi layi a ofis ba. Abin da ya fi wannan ma, manhajar tana riƙe tarihin gyare-gyare. In wani ya shiga cikin dare ya mayar da 38 ta koma 83, za ki ga wane ne da kuma lokacin da ya yi. Amma da sharaɗi: kowane malami ya shiga da asusunsa. In kalmar sirri ɗaya kuka raba wa kowa, wannan amfanin ya tafi.

Sai dai ke da kike Zamfara ba sai na tuna miki ba. A farkon watan Satumba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanoni su rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. An yi makonni ba sabis, wasu yankunan ma watanni. Makarantar da duk takardunta ke intanet a irin wannan lokaci, ai ko sunayen ɗalibanta ba za ta iya bugawa ba. Saboda haka, Malama, ki ɗauki shawarar amma ki ɗaura mata ƙari biyu. Na farko, Google Sheets na da tsarin aiki ba tare da intanet ba, wanda ke ajiye kwafi a kwamfutarki, in sabis ya dawo ya haɗa su. Dole ne sai an kunna shi tun akwai sabis, ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, ƙarshen kowane zango ki sauko da komai a tsarin Excel, ki sa a filashi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida, ki kuma buga a takarda. Gida biyu maganin gobara.

Kada kuma ki manta, sunayen yara da ranakun haihuwarsu da lambobin iyayensu amana ce. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Nijeriya. Kada a buɗe takardar ta yadda duk wanda ya samu adireshinta zai iya gani.

Sai mai shagon ɗab'i na Funtuwa. Malam, ka ce shekara goma kana aiki da CorelDRAW da Photoshop kana buga katin biki da kalanda da fasta, yanzu yaron shagonka ya nace wai Canva ta kashe su duka, ka sayar da babbar kwamfutarka ka sayi ƙanana biyu.

Malam, kada ka yi gaggawar sayarwa. Canva, wadda aka fara a Ostireliya a 2013, ta iya aikin sauri. Tana da dubban zane-zane shiryayyu, yaron da bai taɓa koyon zane ba zai iya haɗa katin gayyata cikin minti goma, kuma ba ta buƙatar kwamfuta mai tsada. Ga hoton da za a tura ta WhatsApp, ba ta da laifi ko kaɗan. Amma aikin injin ɗab'i daban ne. Allo yana haɗa launi da haske kala uku, injin ɗab'i kuwa da tawada kala huɗu, tsarin da kuke kira CMYK. In ba a kula da wannan ba, shuɗin da amarya ta zaɓa a allo ba shi zai fito a kati ba, kai kuma ka san abin da zai biyo baya. Manhajojin da ka saba da su an gina su ne don wannan aikin tun asali. Daɗin daɗawa, fasta babba ko allon talla fayil ne mai nauyi. A kwamfutarka buɗe shi ba ya cin ko kwabo. Ta intanet kuwa kowane hoto sai ka tura shi ka kuma sauko da shi, duk a kan datarka, ga shi a watan Janairu na 2025 hukuma ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ka kuma tuna mai katin biki ba ya jin uzurin "sabis ne ba kyau" in ɗaurin aure jibi ne.

Maganar kuɗi kuwa, ka yi lissafi na shekara uku, ba na wata ɗaya ba. Kuɗin wata yana zuwa da sauƙi a ido, amma ba ya ƙarewa, kuma yawancinsa da dala aka auna shi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi manhajarsa sau ɗaya, wannan tashin bai taɓa shi ba. Wanda ke haya kuwa ya ji a jikinsa. CorelDRAW har yanzu ana iya sayenta sau ɗaya, haka ma Office 2024 na Microsoft.

Amma akwai wata magana, Malam, wadda ba ka tambaya ba, ni kuwa sai na faɗa. Mun san da yawa daga manhajojin da ke shagunanmu ba na halal ba ne, waɗanda aka fasa makullinsu ne ake ɗora wa mutum a kasuwa. Ban da haƙƙin masu abu, irin waɗannan su ne babbar ƙofar cutar kwamfuta, domin ba sa karɓar gyara daga kamfani, wani lokaci ma da cutar a ciki ake ba ka su. A watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle takardun mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Alhali kuwa tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da maganin, waɗanda ba su ɗora ba su abin ya ci. Wannan ita ce yasar rijiya da na faɗa ɗazu. A nan ta intanet ta fi, don kamfani ne ke gyara ta kullum ba tare da ka sani ba. Kai kuma shagonka kowa na zuwa da filashinsa ya soka. Ka kuma duba wane Windows ke kan injinka: Microsoft ya daina kula da Windows 10 daga ran 14 ga Oktoba 2025, ban da ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman, kuma tsofaffin kwamfutoci na hannu da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. In kuɗin lasisi ya yi maka nauyi, akwai na kyauta na halal da ake ɗorawa a kwamfuta: Inkscape don zane, GIMP don gyaran hoto, Scribus don tsara shafi. Sai an ɗan sha wahalar koyo, amma ba wanda zai biyo ka bashi. A taƙaice, ka riƙe babbar kwamfutarka don aikin ɗab'i, ka bar yaron ya yi ƙananan ayyuka da Canva, kowa ya ci kasuwarsa.

Ɗalibinmu na Damagaram, kai ka ce kana rubuta kundin kammala digiri a kan harshen Hausa, malamin da ke duba ka yawanci yana Yamai, kuma sau da yawa in ka aika masa da babi, haruffa masu lanƙwasa sai su rikiɗe su koma wasu alamomi.

Samari, matsalarka biyu ce. Ta farko ta haruffa, kuma ba laifin intanet ba ne. A da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. A shekarun 1990 sai masana, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, suka ƙirƙiro zubin haruffa na musamman don a samu a rubuta Hausa daidai, kuma sun yi mana babban aiki. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama a zana harafinmu a kai. Duk kwamfutar da ba ta da wannan zubin, alamar asali za ta nuna. Yanzu kuwa akwai tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa a duk duniya. Ka sa allon rubutu na Hausa, Windows na da shi, akwai kuma Keyman kyauta, a waya akwai Gboard. Ka zaɓi zubi irin Charis SIL. Da haka ƙ ɗinka za ta zauna ƙ ko a Word ko a Google Docs. Ranar kai wa mai bugawa kuma ka mayar da kundin PDF, don kada shafuka su zame.

Ta biyu ta aiki da malami daga nesa. A nan ta intanet ta yi zarra. Maimakon ku riƙa jifan juna da kwafi bakwai har ku rasa wanne ne na ƙarshe, takarda ɗaya ce, ya yi maka gyara a gefe, ka gani nan take. Rubutu zalla kuma ba ya cin data sosai, Google ma yana ba kowa gigabait 15 kyauta. Amma idan kundi ya yi kauri, da jadawali da bayanan ƙasan shafi da lambobin shafi iri biyu, ta cikin kwamfuta ta fi iya riƙe shi. LibreOffice kyauta ce, tana da Faransanci, ba ta neman intanet, tana kuma ajiye takarda a tsarin Word. Ka san dai a watan Fabrairu na 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet na waya a Nijar wajen kwana goma. Don haka ka yi ainihin rubutun a kwamfutarka, ka riƙa ɗora kowane babi a intanet don malam da kuma don ajiya.

Wani gargaɗi gare ka da duk mai ajiya a intanet: kamfani na iya rufe shago. Google+ an rufe shi a 2019. Yahoo Groups, inda marubutan Hausa da masu nazarin fina-finai suka yi shekaru suna musayar ra'ayi tun farkon shekarun 2000, an rufe shi a watan Disamba na 2020. Google kuma ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Har siyasar ƙasashe na shiga ciki: a watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar zai rufe asusun mutanen Benezuwela saboda takunkumin Amurka, sai daga baya da ya samu izini ya janye. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na ƙarshe, Alhaji na Kumasi. Ranka ya daɗe, ka ce kana da shago a Kumasi da wani a Ankara, ɗanka ne ke riƙe da na biyun, kuma littafin bashi ya fara ba ku wahala, don mutum kan karɓi kaya a can ya ce zai biya a nan.

Alhaji, rubuta bashi ai umarni ne, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kansa take. Ga mai shago biyu, littafin da ke intanet ya fi dacewa, domin abin da ɗanka ya rubuta a Ankara da hantsi, za ka gan shi a wayarka kafin azahar. Ta cikin kwamfuta ba za ta yi maka wannan ba sai da aike-aike. Amma ka kiyaye abu uku. Na ɗaya, sirrin kasuwancinka yanzu kalmar sirri ce ke gadinsa. Ka sa tsarin nan na tabbaci biyu da ke aiko lamba ta waya, kuma duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar, ko ya rantse daga kamfani yake, ɓarawo ne. Yaron da ya bar aiki kuma a cire shi a ranar. Na biyu, kafin ka ɗauki wata manhajar lissafi ta biyan wata, ka tambaya: in na daina biya, ko kamfanin ya rushe, zan iya kwashe lissafina a tsarin Excel? In amsar babu ce, ka bar ta. Na uku, ka tuna ran 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a kusa da gabar Kwaddebuwa. Gana da Nijeriya da maƙwabta sun shiga wahala, har bankuna, kuma gyaran ya ɗauki makonni. Saboda haka duk ranar Juma'a a buga maka jerin masu bashi a takarda, ka sa a durowa. Kasuwa ba za ta tsaya jiran jirgin gyaran waya ba.

To jama'a, ga wanda bai rubuto ba amma yana da irin wannan tambaya, ka auna kanka da waɗannan. Aikin naka kai kaɗai ne, ko ku da yawa ne a wurare daban-daban? In da yawa ne, ta intanet. Fayilolinka masu nauyi ne, irin hoto da bidiyo? In haka ne, ta cikin kwamfuta. In sabis ya ɗauke kwana uku, hasarar me za ka yi? In kwamfutar ta ɓace yau, me zai rage maka? Amsar waɗannan biyu na ƙarshe ita za ta gaya maka inda za ka ajiye kwafi na biyu. Galibin mutanen da aikinsu ke tafiya lafiya, rijiya gare su, famfo gare su.

Nan za mu dakata, don lokaci ya ƙure mana. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su yi haƙuri, suna nan a jaka, za mu zo kansu. Ku ci gaba da rubuto mana, a rubuta suna da gari yadda za su karantu. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya, wassalamu alaikum.